Daft Punk: Tarihinsu, Waƙoƙinsu da Yadda Suke Harhaɗa Kiɗa

Assalamu alaikum, jama'a, barkanmu da warhaka. Yau za mu zauna ne a kan wasu Faransawa biyu da suka shekara 28 suna sa duniya rawa, alhali da yawa daga masu rawar ko a hanya suka gamu da su ba za su gane su ba. Sunan ƙungiyarsu Daft Punk. Ɗaya Thomas Bangalter, haihuwar 1975, ɗayan Guy-Manuel de Homem-Christo, haihuwar 1974. Na ga akwai masu aikin situdiyo a cikinmu, don haka ba tarihi kaɗai zan kawo ba, za mu kwance waƙoƙin mu ga abin da ke cikinsu.

A makarantar sakandare ta Lycée Carnot da ke birnin Paris suka haɗu a 1987. Da jita suka fara, su uku da abokinsu Laurent Brancowitz, da sunan Darlin'. Wani mai sharhi a jaridar Melody Maker ta Ingila ya saurari kiɗansu ya kushe shi, ya ce shirmen hayaniya ne kawai, kuma daga kalmomin da ya yi kushen da su suka tsamo sunan Daft Punk. Zagin ya zama suna. Brancowitz ya kama gabansa, daga baya ya shiga ƙungiyar Phoenix, su kuwa biyun suka jingine jita suka koma kan na'urori a 1993. Wani ƙaramin kamfanin faifai na birnin Glasgow mai suna Soma ne ya fitar da faifansu na farko a 1994.

Kafin mu taɓa waƙa ko ɗaya sai kun san ƙashin bayan wannan kiɗa. Ana ce masa house, kuma asalinsa birnin Chicago ne a Amurka, a hannun baƙaƙen fata masu saka faifai irin su Frankie Knuckles. Na'urar ganga da aka fi sani da shi ita ce Roland TR-909. Maɓallai 16 ne a jere a gabanta, kowane huɗu bugu ɗaya. Ka kunna babbar ganga a maɓalli na 1, na 5, na 9 da na 13. Ka sa tafi a na 5 da na 13. Ka sa farantin nan mai cewa tsss a na 3, na 7, na 11 da na 15, wato tsakanin bugu da bugu. Shi ke nan, ka sami gaɓa guda. Saurin yakan tsaya tsakanin bugu 120 zuwa 130 a minti. Wannan kowa zai iya, yaro ma in an nuna masa sau ɗaya zai danna. Gwanintar tana cikin abin da za ka ɗora a kai da yadda za ka hana kunne gajiya.

“Da Funk” ta 1995 ce ta fara fito da su. Babu waƙa a cikinta, kiɗa ne zalla, kuma a hankali take tafiya, wajen bugu 111 a minti, ƙasa da abin da aka saba a gidajen rawa. Wannan nauyin shi ya bambanta ta. A rabinta na biyu za ku ji wani sauti yana kuka kamar ana murɗa roba: Roland TB-303 ke nan, na'urar da aka ƙera don ta maye gurbin mai kaɗa jitar bes, ta kasa, kasuwarta ta mutu, sai matasan Chicago suka tsince ta da araha suka gano cewa daɗinta yana wajen murɗa maɓallanta tana cikin kiɗa. The Chemical Brothers, wasu makaɗa biyu 'yan Ingila, sun riƙa saka waƙar a wasanninsu, kamfanoni suka yi ca a kan yaran. Da Virgin suka sa hannu a 1996, amma da sharaɗin da ya kamata duk mawaƙi a ɗakin nan ya rubuta: ba su sayar da asalin naɗin ba, hayarsa suka bayar ta hannun kamfaninsu Daft Trax. Ba banza ba, mahaifin Thomas, Daniel Vangarde, tsohon hannu ne a harkar, yana cikin waɗanda suka rubuta “D.I.S.C.O.” ta Ottawan. Ɗan na gada ya fi ɗan na koya.

Kundinsu na farko, Homework, ya fito a Janairun 1997, kuma a ɗakin kwanan Thomas aka haɗa shi. A ciki ne “Around the World” take. Kalmomi uku ne duk baitin waƙar, an maimaita su sau 144 cikin minti bakwai da 'yan daƙiƙoƙi. To me ya hana ta gundura? Kayan kiɗan biyar ne, kuma ba sa shigowa tare, ba sa fita tare. Bayan gaɓa 8 ko 16 sai a cire ɗaya, ko a dawo da wani, ko a dusashe wani. Michel Gondry da ya shirya bidiyonta ya gane haka sarai, sai ya ba kowane kayan kiɗa rukunin 'yan rawa nasa: masu hawa da saukar matakala su ne bes, ƙwarangwal su ne jita, masu naɗe da bandeji su ne ganga, mutum-mutumin ƙarfe su ne murya, 'yan mata masu kayan ninƙaya su ne fiyano. In kun kalli bidiyon kun ga taswirar waƙar da idonku.

Yanzu ga inda nake son mu daɗe. Salon da aka riƙa kira French touch, wanda waƙar “Music Sounds Better with You” ta 1998 ta yaɗa (Thomas ne ya yi ta da wasu abokansa biyu da sunan Stardust, a kan yankin waƙar “Fate” ta Chaka Khan), aiki uku ne a jere: yanka, tacewa, matsewa.

Yanka shi ne ka ɗauko tsohon faifan disko, ka tsinci gaɓa ɗaya ko biyu, ka naɗa a samfila, wato na'urar da ke adana guntun sauti, ta riƙa maimaitawa. A bugu 123 a minti, gaɓa ɗaya ba ta kai daƙiƙa biyu cif ba. Matsala ta farko, in ka yanka ba a kan bugu ba, yankin zai riƙa zamewa daga gangarka kaɗan-kaɗan har su rabu. Ta biyu, in ka yanka a tsakiyar igiyar sauti za ka ji ƙas duk zagaye, maganinsa ka dusashe bakin yankan da kashi biyu ko uku cikin dubu na daƙiƙa. Ta uku ita ce ta sauri. A tsofaffin na'urori in ka ƙara sauri murya ma sai ta tashi, kusan mataki ɗaya na fiyano a duk ƙarin kashi 6 cikin 100. Faifan da ke tafiya a 110 in ka ja shi zuwa 123 ya hau kusan mataki biyu, to duk abin da za ka kaɗa a kai dole ka bi shi can, in ba haka ba kiɗa ya yi tsami. Sannan tsohon faifan yana da nasa bes da tasa ganga. In ba ka share abin da ke ƙasa da wajen haz 150 (haz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti, ƙaramar lamba sauti mai kauri) daga yankin ba, zai yi karo da gangarka, ƙasan kiɗan ya dagule.

Tacewa da filta ake yi, wato na'urar da ke tare wani sashe na sauti ta bar wani ya wuce. Kunnen mutum yana ji daga haz 20 zuwa 20,000. In ka rufe filta zuwa wajen 400, sai kiɗan ya koma kamar na gidan biki a bayan layi: kana jin dum-dum, ba ka jin kalmomi. Sai ka riƙa buɗewa sannu a hankali tsawon gaɓa 16, wajen rabin minti ke nan, kamar kana takawa zuwa ƙofar gidan bikin. Yankin bai canza ba ko kaɗan, amma mai rawa ji yake ana zuwa wani wuri. Kuskuren sababbin hannu shi ne su cika maɓallin da ke kaifafa bakin filtar, sai ta kama fito tana soke kunne, musamman a manyan lasifiku.

Matsewa kuma aikin kwamfiresa ne, wato na'urar da ke danne ƙarfin sauti. Su da kansu sun ambaci Alesis 3630, na'ura mai arha wadda manyan injiniyoyi ke rainawa. Ana saita ta yadda duk lokacin da babbar ganga ta sauka, sauran kiɗan zai duƙa, sannan ya miƙe kafin bugu na gaba. Shi ne wannan numfashin da kuke ji a waƙoƙinsu. Lissafin yana kan lokacin saki. Tsakanin bugu da bugu bai kai rabin daƙiƙa ba, don haka saki na wajen rubu'in daƙiƙa ko ƙasa da haka kaɗan yakan zauna daidai. In ya yi tsawo, kiɗan ba zai gama miƙewa ba wata gangar ta sake danne shi, waƙa ta shaƙe. In ya yi gajere, numfashin ya ɓace, bes ya fara kakkarwa.

Duk ukun suna cikin “One More Time”, wadda ta fito a ƙarshen 2000 ta kai ta ɗaya a Faransa, ta biyu a Birtaniya. Busar ƙahon da ke cikinta daga waƙar Eddie Johns ce, “More Spell on You” ta 1979, amma ba ɗauka suka yi yadda take ba, gutsuttsura ta suka yi suka sake jerawa. Muryar Romanthony ce, an bi ta da Auto-Tune, an saita saurin gyaran a sifili yadda murya ke tsalle daga mataki zuwa mataki ba ta zamewa. Wannan sautin ba baƙo ba ne a kunnenku, shi ne a waƙoƙin finafinanmu na Hausa, kuma kun san ciwonsa: in ka ba na'urar maƙamin da ba na waƙar ba, sai ta riƙa jan mawaƙi zuwa inda bai nufa ba. A tsakiyar waƙar sun cire ganga gaba ɗaya fiye da minti guda. A gidan rawa wannan kasada ce babba, amma ita ke sa dawowar gangar ta zama abin ihu. Batun haƙƙi ma ya biyo ta. A 2021 jaridar Los Angeles Times ta ruwaito Johns yana cewa bai taɓa ganin ko kwabo ba, wakilin Daft Punk kuma ya ce suna biya ga kamfanin da ke riƙe da haƙƙin faifan. Ku tuna abin da na ce ku rubuta ɗazu.

Kundin Discovery na Maris 2001 ya zo da “Digital Love”, a kan yankin George Duke, da “Harder, Better, Faster, Stronger”, a kan “Cola Bottle Baby” ta Edwin Birdsong. Lokacin ne suka rufe fuska da hulunan kwano irin na mutum-mutumi, suna ba 'yan jarida tatsuniyar wai samfilarsu ce ta fashe da ƙarfe 9:09 ranar 9 ga watan 9 na 1999, suka farka suka gan su haka. Leiji Matsumoto na Japan ya jagoranci mayar da kundin duka fim ɗin zane, Interstella 5555, a 2003. A nan bari in raba muku abu uku da ake cakuɗawa. Auto-Tune muryarka yake gyarawa. Bokoda tana ɗaukar siffar kalmominka ta ɗora a kan sautin fiyano. Akwatin magana kuwa, irin na “Around the World”, tiyo ne ke kawo sautin na'ura cikin bakinka, kai kuma ka lanƙwasa shi da leɓe a gaban makirufo.

Human After All na 2005 cikin mako shida aka yi shi, kuma an ji hakan a jikinsa. A ganina maimaicin ya yi yawa, canjin ya yi kaɗan, masu sharhi ma ba su raga masa ba. Dandali ne ya wanke shi. A bikin kiɗa na Coachella a Amurka, a Afrilun 2006, suka fito a cikin wata dala mai fitilu, da manhajar Ableton Live, suna yi wa waƙoƙinsu abin da suka saba yi wa na wasu: muryar wannan a kan gangar waccan. Naɗin wasansu na Paris ya zama Alive 2007, ya ci Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka. A 2007 kuma Kanye West ya yanki “Harder, Better, Faster, Stronger” ya gina “Stronger”, ta kai ta ɗaya a Amurka. Mai yanka shi ma an yanke shi.

Bayan kiɗan fim ɗin Tron: Legacy na 2010, inda suka yi aiki da makaɗa 85, sai suka juya akalar gaba ɗaya. A Random Access Memories na 2013, maimakon su tono tsohon faifai, sai suka kira mutanen da suka yi irin waɗannan faifan tun farko, suka kashe fiye da dala miliyan ɗaya. “Get Lucky” jitar Nile Rodgers ce na ƙungiyar Chic, bes na Nathan East, gangar Omar Hakim, muryar Pharrell Williams, a bugu 116 a minti. Amma ku saurara da kyau. Haɗin sauti huɗu ne, Bm, D, F#m, E, suna zagayawa daga farko har ƙarshe ba sauyi, a baiti da amshi duka. Mutane ne ke kaɗawa da hannu, ginin kuwa na samfila ne. Waƙar ta kai ta ɗaya a Birtaniya, ta biyu a Amurka, kuma a Grammy na 2014 kundin ya ɗauki kyautar kundin shekara. Matsayi na ɗaya a Amurka sai da “Starboy” suka same shi, wadda suka yi da The Weeknd a 2016.

Ranar 22 ga Fabrairu 2021 suka saki bidiyo na kusan minti takwas mai suna “Epilogue”, wanda aka ciro daga fim ɗinsu Electroma na 2006. Mutum-mutumi biyu a hamada, ɗaya ya juya baya, ɗayan ya kunna masa maɓalli, ya yi gaba ya tarwatse. Sai aka rubuta 1993 zuwa 2021, ba wani jawabi: ƙungiyar ta watse ke nan. A 2023 Thomas ya fitar da Mythologies, kiɗan rawar bale da ya rubuta wa ƙungiyar makaɗa, babu na'urar ganga ko ɗaya a ciki. Yanzu a saka mana “One More Time” daga farko, ku ƙirga min gaɓa nawa ake yi kafin murya ta shigo, daga nan sai mu karɓi tambayoyi.