Amsoshin Tambayoyinku: Modem biyu a kwamfuta ɗaya, me ya sa gudun bai ninka ba?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku.

Wani mai shagon kwamfuta daga Zariya ya rubuto mana cewa ya haɗa modem biyu na kamfanoni daban-daban a kwamfuta ɗaya, amma idan yana sauke babban fayil, ɗaya ne ke aiki, ɗayan na zaune kawai.

To malam, kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Kafin ta fitar da kowane saƙo, akwai jadawalin da take dubawa don ta san ƙofar da zai bi. Kowane modem ƙofa ce, kuma kowace ƙofa tana da lambar fifiko da ake kira metric, kuma mai ƙaramar lamba ake bi. Ta biyun sai ta farkon ta katse.

Ko da ka daidaita lambobin, fayil ɗin da ake saukewa ta hulɗa ɗaya ba zai rabu biyu ba. Ƙa'idar TCP, wadda kwamfutoci ke bi wajen musayar bayanai a intanet, tana gane kowace hulɗa ne da abu huɗu: adireshin IP naka (wato adireshinka a intanet) da lambar tasharka (port), da adireshin sabar (kwamfutar da kake sauke fayil daga gare ta) da lambar tasharta. Kowane modem kuwa da nasa adireshin. In rabin saƙonka ya iso da wani adireshi daban, sabar za ta ɗauke shi a matsayin baƙo.

Abin da zai yiwu shi ne raba hulɗoɗin kansu: wannan kwastoma ya bi layi na ɗaya, wancan ya bi na biyu. A shago mai kwamfutoci goma, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Rautar MikroTik, wato na'urar raba intanet ta kamfanin MikroTik, tana yi, haka ma manhajar mwan3 a kan rauta mai tsarin OpenWrt, a Linux kuma ana kafa dokokin da umarnin ip rule. Amma don Allah a kula: a sa dokar da za ta riƙe kowane kwastoma a layi ɗaya idan ya shiga shafin banki, domin wasu shafukan suna korar mutum da zarar adireshinsa ya canja ana tsakiyar aiki.

Sai wata ɗaliba daga Maraɗi, ta ce shin babu fasahar da ke haɗa Wi-Fi da datar waya lokaci guda?

Akwai, 'yar'uwa, sunanta Multipath TCP. An wallafa ƙa'idarta a 2013, a shekarar ce kuma Apple ya sa ta a iOS 7, tsarin wayar iPhone, don Siri, manhajar da ake yi wa magana da murya, saboda kada magana ta yanke idan mutum ya fita daga Wi-Fi. Linux ya shigar da ita cikin ƙwaryarsa a 2020. Sharaɗin dai shi ne dole sabar da kike magana da ita ma ta iya wannan fasaha, kuma har yanzu yawancin shafuka ba su kunna ta ba.