Kakar da Aka Bar Bayern Munich a Bakin Ƙofa

Masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin wasanni. Yau za mu leƙa kudancin Jamus ta Yamma, mu duba kakar 1962/63, wadda daga ita aka rufe gasar Oberliga Süd, babbar gasar ƙwallon ƙafa ta shiyyar kudu.

A wancan zamani ƙasar ba ta da babbar gasa guda ɗaya. Shiyya biyar ce, kowacce da tata gasar, sai waɗanda suka yi fice su haɗu a ƙarshen kaka a fitar da gwani. Ranar 28 ga Yulin 1962, hukumar ƙwallon ƙafa ta DFB ta zauna a Dortmund ta amince a kafa Bundesliga mai ƙungiyoyi 16, aka ware wa kudu gurbi biyar kacal. Ƙungiyoyi 16 ne kuma ke bugawa a kudun, don haka kowa ya shiga fili da sanin cewa bana ba wasa.

1860 Munich, masu laƙabin Zakuna, su suka lashe gasar. Kocinsu Max Merkel mutumin Austiriya ne mai tsanani, ba ya ɗaga wa ɗan wasa ƙafa a atisaye. A raga suna da Petar Radenković, golan da kan bar gidansa ya ja ƙwallo har tsakiyar fili, 'yan kallo na ihu, gaban koci na faɗuwa. Rudi Brunnenmeier kuma yana gaba yana zura ƙwallaye. Nuremberg ta zo ta biyu, Bayern Munich ta uku.

To, a nan gizo ke saƙar. Da aka fitar da sunayen waɗanda za su shiga Bundesliga, sai ga Eintracht Frankfurt da Karlsruhe da Stuttgart a ciki tare da 1860 da Nuremberg, babu Bayern, alhali su ukun nan a bayan Bayern suka ƙare. Hukumar ta yi lissafi ne da sakamakon shekara 12, Bayern kuwa ta taɓa faɗawa rukuni na biyu a 1955. Sannan ba a son ƙungiya biyu daga gari ɗaya, ga shi Bayern da 1860 har filin Grünwalder tare suke amfani da shi. Shugaban Bayern, Wilhelm Neudecker, ya rubuta takardar ƙorafi, ba ta yi amfani ba.

A ganina an tauye wa Bayern haƙƙi. Ƙungiyar da ta yi gumi ta zo ta uku ba ta cancanci a hukunta ta don maƙwabciyarta ta yi kyau ba. Abin da aka kasa samu a fili bai kamata a raba shi a ofis ba.

Sai dai zaman shekara biyu a ƙaramar gasar Regionalliga Süd ya yi wa Bayern rana. Babu kuɗin sayen manyan 'yan wasa, dole koci Zlatko Čajkovski ya rungumi matasa: Sepp Maier a raga, ga Franz Beckenbauer, ga Gerd Müller da aka ɗauko daga Nördlingen a 1964. Da su aka hau Bundesliga a 1965.

Wasansu na farko kuwa da wa? Da 1860 ɗin nan dai. Timo Konietzka ya ci su a mintin farko, aka tashi 1 da nema. Zakuna suka ɗauki kofin Bundesliga na 1966, wanda har yau shi kaɗai gare su, Bayern ta ƙare ta uku. A 1969 ita ma ta ɗaga nata.