Ƙurajen Fuska: Daga Ina Suke, Me Ya Kamata a Shafa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau a kan ƙurajen fuska za mu tsaya, waɗanda ke feso wa mutum a goshi da kumatu da haɓa, wani lokaci har ƙirji da gadon baya.

Kowane ramin gashi a fata yana da 'yar jakar da ke fitar da maiƙo. Da an fara balaga, sinadaran jiki sai su ƙara yawan maiƙon. Ya haɗu da matacciyar fata, ramin ya toshe. In bakinsa a buɗe yake, iska ta taɓa shi, sai ya yi baƙi. Ba dauɗa ba ce. In kuwa a rufe yake, ƙwayoyin cutar da ke zaune a fatar kowa su hayayyafa a ciki, wurin ya kumbura, ya tara mugunya. Gado yana da hannu, kuma mata da yawa sun san suna ƙaruwa gab da al'ada.

To, ga Sakkwato. A bazara zafi kan haura digiri 40, gumi na zuba, bakin hijabi ko hula na gogar goshi yini guda. Hunturu ya shigo kuma, a lafta wa fuska basilin ko man shanu. Ƙafa da gwiwa suna son wannan, fuska mai ƙuraje ba ta so. Ita kuwa gyaɗa da ake ta ɗora wa laifi, babu ƙwaƙƙwarar hujja a kanta. Yawan zaƙi ya fi ta zama abin zargi.

Babbar ɓarnar tana cikin kwalbar man haɗi. Ke 'yar uwa, juya kwalin man nan ki karanta ƙananan rubutun. In kin ga clobetasol ko betamethasone, magani ne mai ƙarfi na wasu cututtukan fata, ba man kwalliya ba. Makon farko fuska ta yi sumul, ta yi haske, ƙawaye na ta tambaya. Daga baya ƙananan ƙuraje iri ɗaya su fito a jere, fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana. Ki daina, abin ya tashi, ki koma. Wanda aka haɗa a roba ba suna ba lamba kuwa, Allah kaɗai ya san abin da ke ciki.

Kai kuma ɗan uwa mai tsayawa gaban madubi da farce biyu, bari matsa su. Ƙurji kan lafa cikin kwanaki, amma baƙin tabon da yake bari a irin fatarmu yakan yi watanni. Lemun tsami da man goge baki ma ƙona fata suke yi.

Sabulu mai laushi sau biyu a rana ya isa, ruwan alwala ba ya cikin lissafi. Ban da dirza da soso. A kemis a nemi maganin shafawa benzoyl peroxide mai kashi 2.5 ko 5, a fara da ɗan kaɗan, sannan a kula, yana koɗar da launin mayafi da rigar matashin kai. Akwai adapalene, da dare ake shafa shi, kamar ƙwayar wake ga fuska duka. Ba a ganin canji sai an yi mako 6 zuwa 8, wani har 12.

Mai juna biyu, ko mai neman haihuwa, kada ta taɓa adapalene, ko magungunan sha na ƙuraje irin su doxycycline da isotretinoin, don na ƙarshen nan yana nakasa jariri. In ƙurajen manya ne masu zafi a ƙarƙashin fata, ko sun fara barin ramuka, ko mace na ganinsu tare da rikicewar al'ada da gashi a haɓa, sai asibiti. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga Asibitin Ƙwararru. A tafi da duk mayukan da ake shafawa, har da na robar, likita ya gani da idonsa.