Idan Manhaja Ta Shiga Muhawarar Siyasa, Wa Za a Riƙe?

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamai, 'yan'uwa masu sauraro, barkanku da zuwa.

An ce in yi magana kan manhajojin nan na ƙirƙirarriyar basira da ake hira da su, irin su ChatGPT, da yadda suka fara tsoma baki a muhawarar siyasa. Na hango wasu suna murmushi kamar tatsuniya zan yi. To, ai an riga an yi. A zaɓen Birtaniya na watan Yulin 2024, a mazaɓar Brighton Pavilion, an buga sunan wani ɗan takara "AI Steve" a takardar ƙuri'a. Manhaja ce, wani ɗan kasuwa mai suna Steve Endacott ne ya tsayar da ita. A lokacin, ko tsakar dare ka tambayi manhajar manufofinta za ta amsa maka, ba gajiya, ba fushi. Ƙuri'a 179 ta samu.

Kafin nan, a 2019, kamfanin IBM ya kawo na'urarsa Project Debater birnin San Francisco ta kara da wani gwanin muhawara, Harish Natarajan, kan ko ya dace gwamnati ta tallafa wa makarantun rainon yara. Na'urar ta yi ta zubo alƙaluma, har masu sauraro suka ce ta fi ƙara musu ilimi. Amma da aka sake jin ra'ayinsu a ƙarshe, ɗan'adam ɗin ne ya fi janye mutane zuwa ɓangarensa.

Ku san yadda abin ke aiki. An ɗura wa manhajar rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, galibi na Turanci, ta koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo wata. Daga baya ma'aikatan kamfani suka yi mata saiti, wannan ki faɗa, wancan ki kauce masa. Saboda haka in ka ce mata ta kare ra'ayin 'yan gurguzu za ta yi, ka juya ka ce ta kare 'yan jari-hujja ta yi, duk cikin minti ɗaya. Kamar lauya ce da ke karɓar shari'ar mai ƙara da ta wanda ake ƙara a zama guda.

Ba na cewa babu amfani. Ɗalibin da bai taɓa jin hujjar abokan hamayyarsa ba sai daga bakin masu zaginsu, yanzu yana iya zama ya nemi a jero masa mafi ƙarfin hujjojinsu. Wannan alheri ne, ni ma ina ba ɗalibai shawarar su gwada.

Inda nake da ja shi ne nan. Me ya sa muke tara 'yan takara su yi muhawara? Don mu riƙe su da bakinsu. Mutum ya ce zai rage haraji, bayan shekara huɗu a sako masa faifan, a ce ga abin da ka faɗa. Yana da sunan da zai ɓaci, yana da kujerar da zai rasa. Manhaja fa? In ta yi wa mai jefa ƙuri'a alkawari da safe, ta yi wa maƙwabcinsa akasin haka da yamma, kowa a wayarsa shi kaɗai, wa ya ji? Wa za a kunyata?

Ku kwatanta da abin da ya faru a Pakistan a Disambar 2023. Tsohon firayim minista Imran Khan yana kurkuku, jam'iyyarsa ta haɗa muryarsa da na'ura ta yi jawabi ga magoya baya ta intanet. Muryar ta na'ura ce, amma an gina jawabin a kan saƙon da ya aiko, kuma an sanar da jama'a hakan. Akwai wanda zai amsa. Wannan daban yake da manhajar da ke ƙago amsa nan take.

Sannan akwai mai riƙe da makunni. A Janairun 2024 kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, ya dakatar da waɗanda suka ƙera manhaja mai kwaikwayon Dean Phillips, mai neman takarar shugaban Amurka, saboda dokar kamfanin ta hana amfani da ita a yaƙin neman zaɓe. Ko hukuncin ya yi daidai, ku lura cewa kamfani ne ya yanke shi, ba kotu ko hukumar zaɓe ba.

Don haka in gidan rediyo ko talabijin zai sa manhaja a muhawara, ni sharaɗina biyu ne. A faɗi sunan mutumin da ya ɗauki nauyin duk abin da za ta furta, ya zo ya zauna a zauren. Kuma a karanta wa jama'a umarnin da aka ba ta kafin a fara. Mai kula da lokaci ya ɗaga min hannu, sai mu shiga tambayoyi.