Laccar da aka gabatar game da wayar eriya, mahaɗi da wurin kafa eriyar rediyon sikana

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da warhaka, ina kuma godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama. Maganarmu ta yau a kan rediyon sikana ce, wato na'urar nan da ke bin zanguna da kanta, tana tsayawa duk inda ta ji ana magana. Galibin irin waɗannan na'urori suna kama daga megahaz 25 har zuwa kusan 1300, kuma a cikin wannan faɗi akwai zangon jiragen sama daga 118 zuwa 137, da na jiragen ruwa a wajen 156 zuwa 162, da na masu rediyon sha'awa, wato masu magana da juna ta rediyo don nishaɗi, a 144 zuwa 146 da kuma 430 zuwa 440. Tun farko ina tunatar da ku cewa doka kan saurare ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka an yarda da yawancinsa, a Birtaniya kuwa laifi ne mutum ya saurari saƙon da ba a yi domin jama'a ba, saboda haka kowa ya binciki dokar ƙasarsa kafin ya kafa komai.

Abin da nake so in tabbatar muku shi ne, mafi yawan masu kukan cewa na'urarsu ba ta kamawa sun zuba kuɗinsu a inda bai kamata ba. Mutum zai sayi rediyo mai tsada, sannan ya haɗa shi da eriya ta hanyar siririyar waya mai tsawon mita 30, alhali siginar da ta zube a cikin waya babu na'urar da ke iya dawo da ita.

Wayar da ake amfani da ita ita ce mai zuciya ɗaya a tsakiya, farar roba ko kumfa ta kewaye zuciyar, saƙar ƙarfe ta rufe robar, sannan baƙar riga a waje. Oliver Heaviside ne ya yi rajistar wannan tsari a Ingila a 1880. Saƙar ita ce ke tsare sigina a ciki, ta kuma hana ƙarar waje shiga, amma duk da haka kowace waya tana cin wani kaso na abin da ke bi ta cikinta. Ku ɗauke ta kamar garwa mai yoyo a kafaɗar ɗan garuwa: gwargwadon nisan gidan da zai kai ruwan, gwargwadon ƙarancin ruwan da zai isa. Ana auna wannan hasara da desibel, kuma lissafin da ya kamata ku riƙe guda biyu ne kawai. Hasarar desibel 3 tana nufin rabin ƙarfin ya tafi, ta desibel 10 kuwa tana nufin kashi ɗaya cikin goma ne ya rage.

Hasarar kuma tana ƙaruwa yayin da lambar zangon ke hawa, kuma a nan ne wayoyi suke rabuwa da juna. Mu ɗauki tsawon mita 30. Siririyar wayar nan RG-58, wadda kaurinta bai wuce milimita 5 ba, tana cin kimanin desibel 5 zuwa 6 a wajen megahaz 150, a megahaz 450 kuma tana cin kusan 10. Wayar RG-6 tana cin wajen desibel 2 da rabi a zangon farko, 4 da ɗoriya a na biyu. Ita kuwa LMR-400, mai kaurin milimita 10, tana cin desibel 1.5 a megahaz 150, 2.7 a 450, 3.9 a 900. Idan muka juya wannan zuwa magana, mai RG-58 da ke neman masu rediyon sha'awa a 435 yana karɓar ushirin abin da eriyarsa ta kamo, mai RG-6 yana karɓar fiye da sulusi, mai LMR-400 kuma fiye da rabi. RG-58 tana da amfani idan tsawon mita biyu ko uku ne, a cikin mota ko a kan tebur, amma ba ta dace da hawa rufin gida ba.

Na san wasu daga cikinku, musamman masu gyaran rediyo, za su ce ai sikana tana son waya mai om 50 (om shi ne ma'aunin turjiyar waya ga sigina), RG-6 kuwa mai om 75 ce, an yi ta ne domin talabijin. Gaskiya ne, kuma ga mai watsa magana da ƙarfin wuta wannan bambanci abin dubawa ne. Amma ga mai saurare kaɗai, idan aka yi lissafin rashin daidaiton 75 da 50, abin da ke komawa baya kashi 4 cikin 100 ne, wato ƙasa da desibel 0.2, abin da kunne ba zai taɓa ji ba. Bugu da ƙari, eriyar da ke kama zanguna masu faɗi haka ba ta tsayawa a kan om 50 a ko'ina, haka ita ma na'urar. Saboda haka a ganina, ga mutumin Kano ko Maraɗi da ke da wayar dish a kowane shagon kayan wuta, RG-6 mai kyau ita ce zaɓi na hankali, LMR-400 kuma sai ga wanda tsawon wayarsa ya yi yawa ko yake neman zangunan sama da megahaz 800, kuma aljihunsa zai ɗauka.

Sai dai ba duk abin da aka rubuta wa RG-6 ne RG-6 ba. Kafin ku biya kuɗi, ku sa mai shago ya fere muku ƙarshen wayar ku duba saƙar. Idan 'yan zarurruka ne jefi-jefi har kuna hango farar robar ta tsakaninsu, ku bar ta. Mai kyau tana da takardar alminiyom a manne da kumfar, sannan saƙa mai yawa a kanta. Idan kun kara maganaɗisu ya kama zuciyar, baƙin ƙarfe ne aka shafe da jan ƙarfe, kuma wannan bai zama aibi ba a waɗannan zanguna, domin sigina a fatar waya take tafiya, ba ta shiga cikinta. Abin lura kawai shi ne saƙar alminiyom ba ta kama dalma, don haka mahaɗinta na matsewa ne.

Wannan ya kawo mu kan mahaɗi, wato kan ƙarfen da ke haɗa waya da na'ura ko eriya. A jikin yawancin sikana za ku ga BNC, wanda ake turawa a murɗa kaɗan ya kulle, ƙananan na hannu kuma wasu suna zuwa da SMA mai zare. A jikin eriyoyin waje za ku tarar da ɗayan biyu, ko PL-259 ko N. Shi PL-259 tsohon tsari ne na shekarun 1930, ana sayar da shi da sunan UHF, wato zangunan sama da megahaz 300, amma ba ya riƙe daidaito idan an haura nan, kuma ruwa yana shigarsa. Nau'in N, wanda Paul Neill ya ƙera a shekarun 1940, yana da zoben roba a ciki kuma yana aiki lafiya har sama da inda sikana ke kaiwa, shi ya sa idan an ba ku zaɓi ku ɗauke shi. Mai RG-6 zai sa mahaɗin F na matsewa a ƙarshen biyu, sannan adafta guda ɗaya daga F zuwa BNC. Na ce guda ɗaya, domin jera adafta uku ko huɗu a bayan na'ura yana ƙara wuraren da za su saki, nauyinsu kuma yana karya soket ɗin rediyon. Mahaɗin F da ake murɗawa da hannu a kan riga, irin wanda masu kafa dish kan sa idan suna sauri, shi ne ya fi kowane ɓaci a waje.

Ruwa ya fi kowane abu kashe waya. Da zarar ya shiga ta mahaɗin sama, sai ya bi saƙar a hankali har ya yi mata tsatsa, kuma mai ita ba zai ga komai daga waje ba, sai dai ya lura cewa abin da yake ji a bara ya daina zuwa. Ku naɗe mahaɗin waje da robar nan mai manne wa kanta, sannan ku bi ta da baƙin salatif na masu wuta domin kare ta daga rana. Inda wayar za ta shiga ɗaki, ku sake ta ta yi lanƙwasa ƙasa kafin ta hau ramin, yadda ruwan da ya biyo ta zai ɗiga a waje. Kada ku karya ta a kusurwa, kada kuma ku danne ta da ƙusa har ta baje, saboda tazarar da ke tsakanin zuciya da saƙa ita ce aikin wayar.

Game da wurin kafawa, waɗannan zanguna kusan a miƙe suke tafiya, don haka abin da eriya ba ta hangowa da wuya ta ji shi. Akwai lissafi mai sauƙi: ku ɗauki saiwar tsayin eriya a mita, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da tsayin, ku ninka da 4.12, ku sami nisan a kilomita. Eriya a tsayin mita 4 tana kai wa kilomita 8, a mita 16 kuma kilomita 16 da rabi, sannan a ƙara abin da tsayin mai watsawa ya bayar. Kun ga sai an ninka tsayi sau huɗu kafin nisa ya ninku sau biyu, kuma kowace mita ta ƙarin tsayi ƙarin waya ce. Jirgin sama da ke mita 10,000 kuwa shi kaɗai yana ba da sama da kilomita 400. Wannan ne dalilin da ya sa mutum zai ji matuƙin jirgi ƙarara amma bai ji amsar hasumiyar filin jirgin Malam Aminu Kano ko na Diori Hamani a Yamai ba, ko da kuwa bai yi nisa da su sosai ba. Mai neman jirage yana bukatar sararin da ba gini ko tankin ruwa a gabansa, mai neman tashoshin ƙasa shi ne ke bukatar tsayi.

Eriyar ta tsaya a tsaye, domin haka masu watsawa suke kafa nasu. Ga mai son zanguna da yawa, nau'in diskon mai kama da lema, wanda Armig Kandoian ya yi wa rajista a 1945, ya wadatar, ko da yake ba ya ƙara ƙarfi. Ga mai son zango ɗaya, sanda mai tsawon rubu'in igiyar zangon ta fi shi, kuma ta jiragen sama ba ta wuce santimita 57 zuwa 60 ba. A ƙarƙashin rufin kwano eriya kurma ce, dole ta fito samansa.

Ku nisanta ta da inbata, da na'urar cajin sola, da ƙwayayen fitila masu arha da cajar waya, domin duk suna fitar da ƙara mai binne raunanan sigina. Gwajin ba shi da wuya: ku kunna sikana da batir, ku kashe wutar gidan gaba ɗaya, idan shuu ɗin ya ragu to mai laifin yana cikin gida. A manyan birane kuma tashoshin FM, da ke tsakanin 87.5 da 108, suna iya cika na'urar har ta kurmance, musamman a zangon jiragen sama da ke maƙwabtaka da su. Maganin wannan matatar da ke toshe zangon FM ce. Busta, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, a irin wannan hali ƙara lalata abin take yi, kuma ko a inda take da amfani, wurinta can sama ne kusa da eriya, kafin sigina ta shiga waya.

Saura batun lafiya. Kada bututun da aka ɗora eriya a kansa ya tsaya inda zai taɓa wayar wutar titi idan ya faɗi, kuma kada mutum ɗaya ya ɗaga shi shi kaɗai. A haɗa bututun da waya mai kauri, gajeriya kuma miƙaƙƙiya, zuwa sandar da aka kafa cikin ƙasa, a kuma haɗa saƙar wayar da ƙasa a inda take shiga gida, sannan a haɗe wannan sanda da ta wutar gidan. Wannan yana rage haɗari, yana kuma zubar da cajin da busasshiyar iskar hunturu ke tarawa a jikin eriya, amma ba zai tsare na'ura daga faɗuwar tsawa kai tsaye ba. Idan hadari ya haɗo, ku cire wayar daga jikin rediyon tun kafin a fara walƙiya, ku ajiye ƙarshenta nesa da mutane da kayan wuta har sai hadarin ya wuce.