Sunan Garinku Yana Kan Tsohuwar Taswira, Amma A Wurin Yake?

[Yatsa yana zuƙo tsohuwar taswira a fuskar waya]

Assalamu alaikum jama'a. Kwanan nan tsofaffin taswirorin zamanin Turawa sun cika mana wayoyi. Wani ya ɗora a Facebook, wani ya tura zauren WhatsApp na 'yan garinsu, kowa sai zuƙowa yake yana neman sunan ƙauyensu. Wanda ya gani sai ya zagaye da jan layi, ya rubuta "ga mahaifar kakana". Wanda bai gani ba kuma a sa shi gaba da tsiya, wai garinsu jiya-jiya aka kafa shi. To, duka biyun akwai gyara a maganarsu, kuma wurin da suka yi tuntuɓe ɗaya ne.

Bari mu wuce da sauri ta kan taswirorin kansu.

[Taswirori huɗu, ɗaya bayan ɗaya]

Wannan ta matafiya ce, irin su Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, da ya shiga Kano a 1851. Da kamfas da agogo ya riƙa lissafin tafiyarsa, garuruwan da ba su kan hanyarsa kuma daga bakin fatake ya ji su. Tana da daɗin kallo, amma kar ka nemi gonar kakanka a ciki.

Wannan kuma zanen hannu ne na gunduma, irin wanda Di'o, wato Baturen gunduma na zamanin mulkin mallaka, ke liƙawa a rahoton ƙiyasin haraji. Ana samun irinsu a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Ga mai neman asali, rahoton ma ya fi zanen amfani, don sau da yawa akwai jerin ƙauyuka da dagatansu a ciki.

Ta uku ita ce sarauniya: taswirar safiyo mai ma'aunin 1:50,000, wadda aka zana daga hotunan jirgin sama, galibi na shekarun 1950 da 1960. Ta huɗu ta Faransawa ce, 1:200,000, ga 'yan uwanmu na Nijar.

Rubutun suna ma kar ya ɗaure muku kai. Tsafe za ku gan ta Chafe, Kwatarkwashi ta koma Kotorkoshi, Tasawa a hannun Bafaranshe ta zama Tessaoua. Ku karanta da ƙarfi, kunne zai gane abin da ido ya kasa.

Yauwa. Yanzu mu zauna, ga inda gizo ke saƙar.

[Tsohuwar taswira a hagu, Google Maps a dama]

Abin da yawancinmu ke yi shi ne: ka ga suna a tsohuwar taswira, ka rubuta sunan a Google Maps, inda jan ɗigon ya faɗi ka ce nan ne. Ka ɗauka ke nan cewa garin yana inda yake tun fil azal. A ƙasar Hausa kuwa, gari yana tashi. Mutane su kwashe kayansu, su kwashe sunan garin, su kai shi wani wuri su sauke. Wurin da suka bari shi ne kufai.

Ga misalin da kowa zai gane. Ɗauko taswirar Nijeriya ta 1960, za ka ga Abuja ɓaro-ɓaro. To ba Abujar Aso Rock ba ce. Wannan ɗigon garin da muke kira Suleja ne a yau. Bayan dokar kafa sabon babban birni ta 1976 aka ba sabon birnin sunan, tsohon garin ya zama Suleja. Duk wanda takarda ta ce an haifi kakansa a Abuja a 1940, ya daina hangen Maitama, ya hau motar Suleja.

[Tafkin Kainji daga sama]

Bussa kuwa, tsohon garin yana ƙarƙashin wannan ruwan. Da aka gama madatsar Kainji a 1968 tafki ya shanye shi, aka mai da mutanen Sabuwar Bussa. Maraɗi ma, tsohon garin a kwarin gulbi yake, ambaliyar 1945 ce ta sa aka hau tudu aka sake gini.

Za ku ce ai waɗannan manyan garuruwa ne, labarinsu a rubuce yake. Gaskiya ne. Shi ya sa nake so mu tsaya a karkara, a Anchau, hedikwatar ƙaramar hukumar Kubau a jihar Kaduna.

[Taswirar yankin Anchau, ana bin rafuka da alƙalami]

Ku dubi yawan rafukan nan. A shekarun 1930 ciwon barci ya addabi wannan yanki na lardin Zariya, saboda ƙudan tsando da ke zama a cikin duhuwar bakin rafi, daidai inda mata ke ɗibar ruwa, yara ke wanka. Sai gwamnatin mulkin mallaka ta ɓullo da wani shiri daga ƙarshen shekarun 1930 zuwa cikin na 1940. Aka sare kurmin bakin rafuka, aka haƙa rijiyoyin siminti don a raba mutane da zuwa rafi, aka tashi ƙananan ƙauyuka da ke warwatse aka haɗa su a sababbin matsugunai. Kusa da tsohon garin Anchau mai ganuwa, wanda ya cushe, aka yanka sabon gari mai faffaɗan tituna aka sa masa suna Takalafiya. Masanin ƙwari T. A. M. Nash, wanda ya yi aikin, ya wallafa rahotonsa a 1948.

To yanzu ka ɗauka kai jikan mutumin wannan yanki ne. A gida an ce maka kakanka ɗan ƙauye kaza ne, an haife shi kafin yaƙin Hitila. Ka buɗe taswirar shekarun 1960, ka ga ƙauyen, ka yi murna. Amma taswirar ta zo ne bayan tashin. Abin da take nuna maka shi ne inda aka sauke su. Inda aka binne cibiyar kakanka, da kabarin ubansa, da gonar gadonsu ta farko, mai yiwuwa suna can bakin rafi, wurin da taswirar ta bari fari fat. Ba ƙarya ta yi maka ba. Tambayar da ka yi mata ce ba tata ba.

Kuma ba sai da shirin gwamnati gari ke tashi ba. Nan hotuna sun ƙare mini, sai ku yi haƙuri da muryata. Bayan Turawa sun ci ƙasar a 1903, hare-hare suka lafa, mutane suka fara fita daga cikin ganuwa, suka sauko daga kan duwatsu, suna kafa gidajen gona. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙauyuka suka matso tasha saboda cinikin gyaɗa. Daga baya kwalta ta zo, kasuwa ta koma bakin titi, gari ya bi kasuwa. Rijiya ta ƙafe, a tashi. Annoba ta shiga, a tashi. An yi rigimar sarauta, wanda ya sha kaye ya ja mutanensa gaba, wani lokaci har da sunan.

Ga wani rikicin kuma, akasin wancan: gari yana nan daram, suna ne ya canja. Duk ƙauyen da sunansa ya fara da Gidan wane, Unguwar wane ko Tungar wane, sunan mutum ne. Mai unguwa ya rasu, ɗansa ya hau, bayan shekaru sunan na iya bin ɗan. Saboda haka wanda ake yi wa dariya cewa garinsu babu a taswira, wataƙila yana nan, da sunan kakan kakansa ma. Ni a ganina wannan ya fi kowa riba, don ya samu suna guda a salsalarsa kyauta. Su kuwa Sabon Gari da Sabon Gida da Tudun Wada, Allah ya ba mai nema haƙuri. A taswira guda sai ka ƙirga su har ka gaji.

To yaya za a gane ko ɗigon da ke kan takarda shi ne garin yau?

[Ana ɗora tsohuwar taswira a kan hoton tauraron ɗan Adam]

Ka manta da sunaye tukuna. Nemi abin da ba ya ƙaura. Dutse. Mahaɗar rafuka biyu. Gadar layin dogo. Samu uku irin waɗannan da suka kewaye garin, ka daidaita su a kan hoton tauraron ɗan Adam. Kar ka dogara da hanya, don hanyar mota ta yau ba lallai ta bi turbar jakuna ta da ba. Gulbi mai yashi ma a cikin fadama yana sauya kwanciya, a yi hattara da shi.

Idan ukun nan sun hau kan juna, sai ka duba inda ɗigon garin ya faɗi. A ma'aunin 1:50,000, santimita 2 a takarda kilomita 1 ce a ƙasa. Ku lura da allon: dutsen ya hau, mahaɗar rafin ta hau, amma garin ya goce. Auna gociyar da rula. In ba ta kai mita 100 ba, kar ka tada hankalinka, tsofaffin taswirorin Nijeriya a kan wani tushen awo da ake kira na Minna aka gina su, wayarka kuma da wani tushen awo na duniya take aiki, tsakaninsu akwai 'yar tazara. Amma in ka ga kilomita guda ko biyu, alhali duwatsu sun zauna daidai, to gari ne ya tashi.

Wannan gwajin a taswirar safiyo mai ma'aunin 1:50,000 kawai yake aiki. A mai ma'aunin 1:250,000, ɗigo mai faɗin milimita 2 ya rufe rabin kilomita. Zanen Di'o kuwa, mutumin a kan doki yake ƙiyasi.

[Ana zuƙo fili: da'ira mai duhu a tsakiyar gonaki]

Sai ka zuƙo wurin da tsohon ɗigon ya nuna, ka zaɓi hoton rani lokacin da aka girbe amfanin gona. Kun ga wannan da'irar? Ragowar ganuwa ce. Kun ga kukokin nan da suka taru wuri guda a tsakiyar gona? Kuka ba ta cika taruwa haka kawai ba, galibi mutane ne suka zauna. In ka je da ƙafarka za ka iya tarar da fasassun tukwane, ramukan marina, tsohuwar rijiya da ta rufta, ko wani fegi da manoma ke kewayewa ba sa nomawa, don sun san maƙabarta ce.

In za ka je, fara da gidan dagaci ko mai unguwa, da ɗan goronka. Kuma ka gyara tambayarka. In ka ce "Ranka ya daɗe, yaushe aka kafa garin nan?" za a ba ka labarin maharbin da ya zo daga gabas, kowane gari yana da nasa. Ce masa: "Baba, kafin a dawo nan, a ina aka zauna? Ina kufan yake? Zamanin wane hakimi aka tashi?" Sunan hakimin shi zai ba ka shekara idan ka koma takardun Kaduna. Kar kuma ka tsallake tsofaffin mata. Wadda aka kawo ta aure daga kufan ta san wace rijiya ce ta gidan wa.

Wata magana, don na san halinmu. Wannan aikin na neman asali ne. Kar wani ya buga taswirar 1960 a shagon hoto ya tafi da ita gonar mutane yana cewa ta kakansa ce. Taswirar safiyo ba ta nuna iyakar gonar kowa. Ko a kewayen Kano, inda malaman taki suka riƙa auna gonaki da ƙafa, don haraji aka yi, kuma gona ta sha canja hannu tun daga lokacin.

[Kyamara ta sauka zuwa ƙananan rubutu a gefen taswira]

Saura abu ɗaya, ga masu ɗora hotunan nan. Don Allah ku daina yanke gefen taswira. A ƙananan rubutun nan na ƙasa aka faɗi shekarar da jirgi ya ɗauki hoto, da shekarar da aka buga, kuma tsakaninsu kan kai shekaru. Ta farkon ita ce shekarar da garin yake a wurin da kuka gani. Idan kun je gidan adana takardu aka ba ku izinin ɗauka, ku ɗauki kusurwoyi huɗun duka, da lambar takardar, da ma'aunin, sannan ku zuƙo ƙauyenku.