Lacca: Shin a Halasta Tseren Mota a Kan Titi?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu da ke zaune a gaba, malamai, 'yan'uwa matasa, barkanku da yamma. An ce in yi magana a kan ko ya dace hukuma ta halasta tseren mota a kan titi. Ina shigowa wani saurayi ya tare ni a bakin ƙofa, ya ce, "Malam, don Allah kada ka zage mu." Ba zagi ya kawo ni ba, ɗana. Ni ma na yi ƙuruciya, na san yadda jini ke tsuma idan aka taka totur inji ya yi kuka.

Amma mu fara da lissafi, don shi ba ya son kai. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 cikin daƙiƙa ɗaya. Kafin ido ya ga yaro ya faɗo titi, ƙafa ta bar totur ta koma birki, daƙiƙar nan ta tafi. Kuma in ka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke buƙata sau huɗu take ninkuwa. Shi ya sa dokar hanya ta tsaida gudun cikin gari a kilomita 50. Ba ƙwarewarka ake raina ba. Taya da kwalta ne suke da iyaka.

Wannan abu da muke gardama a kai, Turawa sun gwada shi tun motar tana jaririya. A 1903 aka shirya tsere daga Paris zuwa Madrid. Ba a kai ko'ina ba, gwamnatin Faransa ta tsaida shi a Bordo saboda rayukan da suka salwanta, har da Marcel Renault, ɗaya daga cikin 'yan'uwan da suka kafa kamfanin Renault. A Italiya kuwa akwai Mille Miglia, tseren mil dubu a kan hanyoyin da suka ratsa garuruwa da ƙauyuka. A 1957, kusa da ƙauyen Guidizzolo, tayar Ferrari ɗin Alfonso de Portago ta fashe, motar ta yi cikin 'yan kallo. Shi da abokin tafiyarsa suka mutu, da mutum 9 na bakin hanya, 5 daga cikinsu yara ne. Daga ranar aka binne wannan tsere. Ku riƙe yaran nan biyar a zuciya. Direban ya san abin da ya shiga, ya yarda. Su wa ya tambaye su?

Na taɓa ganin irin wannan da idona, a rakiyar amarya. Wani yaro ya ja birkin hannu don ya juya mota a tsakiyar titi, ƙura ta tashi, ana ta shewa. Da ƙurar ta lafa, kaskon wata mai awara na kife a kwalta, mai yana malala, silifas ɗinta ƙafa ɗaya a ƙarƙashin mota. Allah ya yi da sauran kwananta, amma har yau da sanda take tafiya. Ba ta san ango ba, ba ta san amarya ba.

Wani zai ce, to tseren motar ƙasar Monako fa, ba a cikin gari ake yi ba tun 1929? Haka ne, amma rufe titin ake yi, a kafa shingen ƙarfe, likitoci na tsaye. A tsibirin Man da ke kusa da Ingila ma, inda ake tseren babura tun 1907, sai an rufe hanya. Duk da haka mahaya fiye da 250 sun rasa ransu a can. To ina ga titin da a-daidaita-sahu da almajiri da mai tura ruwa ke bi?

Sai dai iyayena, ku yi haƙuri, hani kaɗai bai taɓa kashe wannan wuta ba. A Saudiyya, a 2016, an kai tarar wasan mota riyal 20,000 a karon farko, 40,000 a na biyu, 60,000 a na uku. Tara tana tsorata wasu, amma ba ta cire sha'awa daga zuciyar ɗan shekara ashirin. Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar Kalifoniya a Amurka. Samari sun addabi tituna bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai a 1950 aka ba su wani ɓangare na filin jirgin sama a Santa Ana. A 1951 Wally Parks ya kafa ƙungiyar masu tseren mota ta NHRA don a kwashe su daga titi zuwa fili. Tazara rubu'in mil, wajen mita 400, a duba motarka, a auna lokacinka. Wanda ya ce ya fi kowa, ga agogo nan. Afirka ta Kudu ma, wasan juya BMW da aka san Soweto da shi yanzu a filaye ake yinsa, da alkalai da tikiti.

Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Doki ya riga mota, kuma kakanninmu ba su ce a yi sukuwa a tsakiyar kasuwa ba, fili suka ware mata. Saboda haka matsayina a fili yake: a halasta tsere, kada a halasta shi a titin da jama'a ke bi. A ware wuri a bayan gari, a jera tsofaffin tayoyi da buhunan yashi, 'yan kallo su tsaya nesa. Bakanike ya duba birki da taya kafin a shiga. Hular kwano dole, lasisi dole, motar asibiti da ta kashe gobara a kusa. Kuɗin shiga kuma kada ya fi ƙarfin ɗan talaka, in ba haka ba titin zai koma. Wanda kuma aka ba fili ya ƙi, ya dawo kwalta, a ƙwace motar, ko ɗan wane ne.

Kai da ka tare ni a ƙofa, ka tara abokanka ku yi rajistar ƙungiya, ku rubuta wa hukuma takardar neman fili. Ku kawo mini ita ranar Asabar, ni zan fara sa hannu. Wassalamu alaikum.